Sunayen da Na Kankare a Panyu

Zangona na farko a ƙasar Sin wani ɗan otal ne a bayan tashar jirgin ƙasa ta Guangzhou, inda na yi kwana shida ina kallon bango. Dillalin da ya kawo ni ɗan garinmu ne mai zaƙin baki, ba zan faɗi sunansa ba don 'ya'yansa sun girma. Ya ce in jira shi, zai je ya dawo. Ya tafi da fasfo ɗina a aljihu, wai za a buga masa hatimi. Ni kuwa Habu baduku, wanda bai taɓa wuce Zariya ba, har addu'a na bi shi da ita. Ka ji wauta.

A Kano ce mini aka yi wata masana'anta tana sayen jar fatar akuya daga majemarmu, suna neman wanda ya san fata ya je ya nuna musu yadda ake riƙe ta. Wata uku kacal, in ji dillali. Dukanci gadona ne, tun ina yaro basilla ke hannuna, kuma Allah Ya yi ni da jin kai a kan sana'a. Na bar mata da 'ya'ya biyu na taho. Wajen ƙarshen shekarun casa'in ke nan.

Rana ta bakwai wata mota ta zo, direban ya nuna ni da yatsa. Ba wani baƙi a unguwar balle a yi kuskure. Ya kai ni Panyu, can kudu da birni, inda masana'antu suka jeru babu iyaka. Nan ne zango na biyu, kuma nan na daɗe.

Safar hannu suke ɗinkawa, amma ba irin ta sanyi ba. Ƙatuwa ce ta fata, mai faɗi kamar faifai, wai ta wani wasa da ake dukan ƙwallo da kulki, suna ce masa besbol. Aka ba ni ɗaki a saman sito. Shugabar sashenmu wata gajeriyar mata ce, kowa lawban yake ce mata, wato uwar ɗaki. Duk abin da na tambaya amsa ɗaya ce, “meyo”, babu. Fasfo? Meyo. Dillali? Meyo. Ranar komawa gida? Meyo. Abincina farar shinkafa da dafaffen ƙwai, don ina tsoron abin da ke cikin miyarsu. Ma'aikata kan zo su shafa hannuna su duba yatsunsu. Da farko ina jin haushi, daga baya har so nake a zo a shafa, ko ba komai mutum ya matso kusa da ni.

Zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa matata ba. Na kai ga gaida fatu da safe. In na buɗe ɗauri na ji warin bagaruwa, na ga alamar majemin da na sani a gefen fata, sai in ce, “Ina kwana, mutanen Kano, ya hanya?” Kaɗaici ya yi mini irin wannan kamun.

Juma'a biyu a wata ake bari in je Masallacin Huaisheng, mota biyu nake shiga. A lokacin baƙaƙe ba su yi yawa ba, da ido za ka ƙirga mu a sahu. Nan na haɗu da Alhaji Isifu, mutumin zangon Kumasi mai aika kaya ta jirgin ruwa. Hausarsa ta ba ni dariya, mace ma “shi” yake ce mata, amma ranar da ya ce mini “sannu, ɗan uwa” sai da hawaye ya zubo mini. Ya ba ni ƙullin yaji, ya ce zai bi mini sawun fasfo.

Wata rana da tsakar rana, lokacin hutun cin abinci, na ji wata ƙara a bayan masana'anta, fat, fat, fat. Na zagaya. Wani tsoho baƙi wuluk yana zaune a benci ƙarƙashin bishiya, da hular hana-salla, yana buga ƙwallo cikin sabuwar safa. Ban san lokacin da na durƙusa ba.

“Sannu da hutawa, Baba. Daga wane gari?”

Ya dube ni ya tuntsire da dariya. Ashe Ba'amurke ne. Na koma ga ɗan Turancin da na tsinta wurin sayar wa Turawa jaka a Kasuwar Kurmi, muka lallaɓa. Sunansa Emos. 'Yarsa Loreta ce ke duba kaya a madadin wani kamfanin ƙasarsu, ta taho da shi bayan rasuwar mahaifiyarta don ba mai kula da shi a can. Shekarunsa sun haura tamanin. Ba aikin da aka sa shi, shi dai yakan ɗauko sababbin safofi ya yi ta dukansu har su yi laushi, wadda ba ta yi masa ba ya wurgar.

Tun daga ranar, bencin nan ya zama gidana. Ya ce in jefo masa ƙwallo. Na jefa, ta tafi can wajen kwata.

“Ɗana, wa ya koya maka jifa?”

“Mangwaro muke jifa da shi a garinmu, Baba.”

“To mangwaron garinku yana cikin aminci.”

Na ce ya nuna mini hannunsa. Tirƙashi! Ba yatsa ɗaya miƙaƙƙe a hannun dama. Ya ce shi ne mai tsugunawa a bayan mai kulki yana cafke ƙwallon da aka jefo, kowane yatsa da garin da ya karye. Sai ya shiga ba ni labari, yau kaɗan gobe kaɗan.

A gonar auduga aka haife shi, a kudancin ƙasarsu. Yana ɗan shekara sha shida wata ƙungiyar besbol ta baƙaƙen fata ta biyo ta garinsu, mai cafkarsu ya ji rauni, aka ce wa zai iya. Ya shiga motarsu da riga ɗaya, bai sake komawa gona ba. A zamanin, in ji shi, doka ta raba komai. Turawa da gasarsu, baƙaƙe da tasu. Famfon shan ruwa daban, ƙofar shiga daban.

“Haba Baba, a ƙasarku ta haihuwa?”

“A ƙasarmu ta haihuwa. Mu yi wasa, Turawa su cika fili su tafa mana, da yamma mu je otal a ce ba ɗaki. Mu kwana a mota, takalmi ne matashin kai.”

Wani lokaci wasa uku suke yi a rana, a garuruwa biyu. Da sanyi ya shigo sai su tsallaka Meziko, can ne ya fara cin abinci a tebur ɗaya da farin mutum. Da aka zo aka buɗe wa baƙaƙe ƙofar gasar Turawa, shi ya haura talatin, gwiwoyi sun tafi. Aka tsince samarin aka bar tsofaffin. 'Yan kallo suka bi samarin, ƙungiyoyin baƙaƙe suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Sauran rayuwarsa shara ya yi a wata makarantar firamare.

“Ba a rubuta wasanninku ba?”

“Wa zai rubuta? In na ce maka na fi wane iyawa, ba ni da shaida.” Sai ya dafa wata jakar yadi da ba ya rabuwa da ita. “Sai wannan.”

Tsohuwar safarsa ce a ciki, ta yi baƙi ƙirin. Kullum da safe in na leƙo ta tagar sito nakan gan shi a benci ya buɗe ta a cinya, yana bin tafinta da yatsa, leɓensa na motsi. Na ɗauka addu'arsu ce ta Kirista, ban tambaya ba.

Mutanen motar nan duk na san su kamar tare muka yi yawon. Akwai direban da ya afka da su rafi yana gyangyaɗi. Akwai mai wa'azin da ba ya wasa sai ya yi waƙa. Akwai wasu tagwaye da ke musayar riga su ruɗa alƙalin wasa. Amma wanda ya fi yawa a bakinsa shi ne mai jefo masa ƙwallo, shekara tara suna fuskantar juna. Shi wannan bai taɓa kiran sunansa ba, kullum “mutumina” yake cewa. Ban ga abin mamaki ba, mu ma a gida akwai wanda ƙauna ke hana a kama sunansa.

Da sanyi ya shigo, wata tsohuwa ta fara gasa dankali a cikin ganga a bakin ƙofar masana'anta. Baba Emos ya sayi ɗaya, ya ɓare shi biyu, ya miƙo mini rabi.

“Mutumina kullum da gasasshen dankali a aljihunsa,” in ji shi. “In gidan abinci sun kore mu, sai ya fito da shi ya raba. Kuma ɗan banzan kullum babban rabin yake ba ni, ya rantse ƙaramin ne.”

Haka muka ci dankali duk sanyin nan, rabi-rabi. Wata uku ta zama shida, ba dillali ba labarinsa. Amma na daina gaida fatu.

Sai damshi ya zo. Wanda bai zauna Guangzhou a wannan lokacin ba ba zai gane ba. Bango yana gumi, tufafi ba sa bushewa, funfuna tana tsirowa a kan komai, har a kan takalmin da ka cire jiya. Aikina ya koma kankare funfuna daga fatu, safe da yamma. A cikin wannan hali igiyar tsohuwar safar Baba ta tsinke. Na ce ya kawo. Ya riƙe jakar ya daɗe yana kallona.

“Igiyar kawai, ɗana.”

“Baba, ni fa baduku ne ɗan baduku. Kawo.”

Ranar Lahadi da hantsi na baje ta a gabana. Igiya minti kaɗan ta ɗauke ni. Sai na tsaya ina kallon fatar, ta bushe, ta tsattsage, tafin duk wasu layuka baƙi-baƙi sun dushe cikin datti. A gidanmu abin kunya ne aboki ya ba ka fata ka mayar masa da ita da dauɗa. Mahaifina ko layar yaro aka kawo masa gyara sai ya goge ta ya shafe ta da mai. Zan faɗi gaskiya tsakanina da Allah: na ga kamar rubutu. Amma boko ban iya ba, allo na yi, kuma wata guda ke nan ba abin da nake gani sai funfuna. Zuciyata ta ce funfuna ce, shisshigina ya ce ƙwarai kuwa. Na sa aska na kankare tafin tas. Na shafe ta da man gyaɗa, na murza, na bi ta da ɗan karan dafin da na taho da shi daga gida. Ta fito ja jawur tana sheƙi. Har juya ta nake ina yaba kaina.

Litinin na kai masa ina washe baki. Ya buɗe. Ya kai yatsa tafin ya shafa, ya sake shafawa. Ya karkata ta wajen hasken rana.

“Ina suke?”

“Su wa, Baba?”

“Yarana. Ina ka kai su?”

Bai yi faɗa ba. Wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya mayar da ita jaka, ya miƙe da ƙyar, ya tafi yana jan ƙafa. Washegari bencin ba kowa. Jibi ma haka. Kwana tara ina cin shinkafata a wurin ni kaɗai.

Ranar Juma'a na kwashe duka na gaya wa Alhaji Isifu a harabar masallaci. Ya ce, “Kai ma ka cika ƙarambani. To zama za ka yi? Tashi ka je gidan mutumin nan, ko da tsintsiya za su kore ka.”

Na je da la'asar. Loreta ce ta buɗe ƙofa, ta tsaya a bakin ba ta ce in shiga ba. Ita ta gaya mini abin da na kankare. Ranar da ƙungiyarsu ta watse, a cikin motar, abokan wasansa goma sha uku suka sa sunayensu a tafin safar, kowa da hannunsa. Duk sun mutu, shi kaɗai ya rage. Kuma likita ya ce ƙwaƙwalwarsa ta fara zubewa. Shi ya sa yake karanta su kowace safiya, don kada su fice masa.

“Ni ma ban taɓa kwafe su a takarda ba,” in ji ta. “Gani nake akwai lokaci.” Sai ta fashe da kuka, ta ƙara da cewa wata mai zuwa za ta mayar da shi gida, inda za a kula da shi.

Na ce, “Yaya, na yi ɓarna, ba ni da bakin magana. Amma ki bar ni in gwada abu ɗaya. Ya faɗa, ki rubuta da manyan baƙaƙe, ni kuma in ɗinka. Tawada ce ta goge. Zaren da aka ja da kakin zuma ba ya gogewa.”

Daga cikin ɗaki muka ji muryarsa. “Bar shi ya shigo. Ba jifa ya iya ba, ba jin magana.”

Nan ne zangona na uku, falon gidansu. Kullum in an tashi aiki sai in tafi da basilla da zare. Ranar farko sunaye bakwai suka zo masa a jere, har yana kaɗa ƙafa. Daga nan abin ya tsaya. Ya riƙe kai, ya yi ta kallon ƙasa. Sai na tuna ashe duk labaran nan suna cikina.

“Baba, wanda ya afka da ku rafi fa?”

“Sam! Sam sarkin barci!”

“Mai waƙa kafin wasa?”

“Ilaija. Sa shi a gefen babban yatsa, nan ya rubuta.”

Tagwayen suka ci mana kwana huɗu, ɗaya ya zo ɗaya ya ƙi. Loreta tana zana baƙaƙe, ni ina bin siffarsu ɗinki bayan ɗinki, ban san me kowane yake cewa ba. Cikin mako uku muka samu goma sha biyu. Saura wuri ɗaya a tsakiyar tafi, daidai inda ƙwallo ke sauka.

“Nan mutumina ya sa nasa,” in ji shi.

“Ya sunansa, Baba?”

Ya buɗe baki. Ya rufe. Ya ce yana ganin fuskarsa, yana ganin giɓin haƙorinsa, yana jin ƙarar ƙwallonsa. Loreta ma ba ta sani ba, mutumin ya rasu tun ba a haife ta ba, ita ma “mutumina” ta tashi tana ji. Muka bi ta kowace hanya, garinsu, matarsa, ranar da ya karya wa Baba ɗan yatsa. Sunan bai zo ba. Wata rana tsohon ya buga safar da ƙasa ya ce, “Shekara tara! Shekara tara yana ba ni babban rabi!” Ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Ni na jawo wannan, kuma ba ranar da na manta.

A ƙarshe na ce, “Baba, a garinmu wanda ba a kama sunansa, da abin da aka san shi ake kiransa.” Na ɗinka masa dankali a wurin, an raba biyu, rabi ya fi rabi girma. Ya duba ya yi murmushi, ya ce ya yi. Ni na san bai yi ba.

A makonnin nan yana ta raguwa a idona. Wata rana ya tambaye ni sau uku ko na ci abinci. Wata rana ya ce in gaya wa direba ya tayar da mota.

Ranar tafiyarsu da safe suka biyo ta masana'anta don Loreta ta sallami lawban. Mai gasa dankali ta daɗe da tashi tun da sanyi ya wuce, don haka na sayi ɗanye a kasuwa, na roƙi mai dafa abincin ma'aikata ya bar ni na gasa a garwashinsa. Na samu Baba a bencinmu, safa a cinya, yana bin zaren da yatsa. Ya karanta goma sha biyu ba gargada. Na zauna kusa da shi, na miƙa masa dankalin a takarda.

Ya karɓa, ya hura, ya ɓare shi biyu. Ya dube ni sosai, irin kallon da bai taɓa yi mini ba, fuskarsa ta washe.

“Yau ni zan raba, Lusiyas,” in ji shi. “Karɓi babban. Kullum kai kake cutar kanka.”

Loreta tana tsaye a bayansa, ta toshe baki da hannu. Ni kuwa gabana ya faɗi sau biyu, ɗaya don sunan ya dawo, ɗaya don na gane Habu ya fita daga ƙwaƙwalwarsa. Mutum ɗaya da ya san ni a duk faɗin Panyu yana kallona, wani yake gani.

“Lusiyas, ba ka ji ba ne?”

Na ce, “Na'am. Na ji.”

Loreta ta zana sunan a bayan takardar dankalin. Na durƙusa a ƙasa na zaro basilla daga aljihu. Direban motarsu yana ta danna ham, ban ɗago ba sai da na kai baƙin ƙarshe, a ƙarƙashin dankalin, na ƙulle zaren na datse da haƙori. Baba Emos yana ci yana ba ni labarin wani wasa da muka yi tare a Meziko, wai ranar na yi jifa kamar aljani. Na ce masa ƙwarai, na tuna.

Ya shiga mota da safarsa a ƙirji. Ya leƙo ta taga ya ce kada in makara, wasa biyu ne gobe.

Sai bayan wata huɗu Alhaji Isifu ya karɓo mini fasfo na koma Kano, ban sake jin labarinsu ba. Amma ba wannan nake tunawa ba in an ce Sin. Abin da nake tunawa shi ne bayan motar ta fita ƙofa, na duba hannuna na ga babban rabin yana nan, ya huce. Na koma bencin na zauna a gefena na kullum, na bar masa nasa gefen, na cinye shi ni kaɗai.